Ƙusa ko Sukuru: Abin da Ke Riƙe Daɓen Katako

A Amurka, inda kusan tara cikin goma na sababbin gidajen zama da katako ake tayar da su, haka ma a maƙwabciyarta Kanada, abin da ƙafar mutum ke taɓawa a ɗaki ado ne kawai. Kafet ne ko tayil ko gogaggen katako mai sheƙi, ba su ke ɗauke da nauyi ba. A ƙarƙashinsu akwai faffaɗan allunan filawud, su kuma allunan suna kwance a kan jerin katakai masu kauri da aka gindaya daga bango zuwa bango. Aikin waɗannan katakai ɗaya ne da na azara a soron ƙasa, don haka azara za mu riƙa kiransu. Da wuya a ji an ce irin wannan daɓe ya burma da mutane. Ƙorafin da masu gida suka fi kai wa ɗan kwangila shi ne kuka: a taka nan ya yi ƙiiƙ, a taka can ya amsa, tayil ya fara tsagewa a kan layi, wanda ya tashi shan ruwa da tsakar dare ya farkar da kowa. Kukan nan shaida ce cewa allo ya saki azara. Kuma a ganina, abin da ya fi dacewa a haɗa su da shi sukuru ne, ba ƙusa mai santsin jiki ba, muddin an zaɓi sukurun da aka ƙera domin wannan aiki. Sharaɗin nan yana da nauyi, za mu zo kansa.

Sai an san halin abubuwan biyu da ake haɗawa kafin a gane dalili. Filawud ƙirar inji ne. Ana ɗora gungumen itace ana juya shi, wata doguwar wuƙa tana fere shi siriri-siriri, sannan a jera feren hawa-hawa, yawanci uku ko biyar ko bakwai, jijiyar kowane hawa ta gitta ta wanda ke ƙasansa, a shafa gam a matse da zafi. An baje kolinsa a birnin Portland na jihar Oregon a 1905, amma gam ɗin wancan zamani ba ya jure ruwa, shi ya sa amfaninsa ya tsaya a ƙofofi da kayan ɗaki. Sai a 1934 wani masanin sinadarai a garin Aberdeen na jihar Washinton ya samar da gam mai jure ruwa, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma filawud ya kori siraran katakan da ake jerawa ɗaya bayan ɗaya a daɓe. Allon da aka saba da shi ƙafa 4 ne da ƙafa 8, wato santimita 122 da 244, kaurin na daɓe wajen milimita 18, azara kuma ana ba ta tazarar inci 16, kusan santimita 40. Yau da yawa sun koma wani allo mai suna OSB da ake yi da matsattsun ɓarɓashin itace, amma maganar ɗaura shi ɗaya ce. Gittawar nan ta jijiyoyi ita ke sa filawud ba ya cika sauya tsawo ko faɗi, domin kowane hawa yana riƙe ɗan'uwansa. Ita kuwa azarar da aka yanko daga gungume babu mai riƙe ta.

Itace yana shan laima daga iska yana amayar da ita ko da ya shekara hamsin da sarewa. In ya sha ya kumbura, in ya bushe ya tsuke, kuma ta faɗi da kauri yake yin haka, tsawonsa kusan ba ya motsi. A kasuwar katako ta Amurka, wanda aka buga wa hatimin busasshe yana iya ɗauke da ruwa har kashi 19 cikin 100, ga ruwan sama da kan doke shi a filin gini kafin a yi rufi. Da an kammala gida an kunna na'urar ɗumama ɗaki, sai ruwan jikinsa ya sauko wajen kashi 10 ko ƙasa da haka. Ƙiyasin masu aikin katako shi ne, duk raguwar kashi 4 na ruwa tana tsuke katako da kusan kashi 1 na faɗinsa. Ke nan azara mai faɗin santimita 23 tana iya rasa kusan rabin santimita a shekararta ta farko. Duk wanda ya taɓa ganin ƙotar gatari da ta kama tam da damina ta saki ruwan gatarin da hunturu, har sai an tsoma ta a ruwa, ya riga ya ga abin da ke faruwa a ƙarƙashin kafet. Ƙusa ba ta da abin riƙo in ban da matsin jijiyoyin da ta kutsa tsakaninsu. Itacen na bushewa, matsin na raguwa, sannan saman azara ya ja da baya ya bar kan ƙusa a tsaye. Ratar da ke samuwa tsakanin allo da azara ba ta kai milimita guda ba sau da yawa, amma ta isa. Ƙafa ta danna, allo ya zame ƙasa yana gogar jikin ƙusa, ƙafa ta ɗaga, ya dawo. Gogar nan ita ce kukan, kuma kowane taku yana ƙara buɗa ramin.

Wannan ba hasashen kafintoci ba ne. Littafin lissafin da injiniyoyin katako na Amurka ke aiki da shi, wanda ƙungiyar American Wood Council ke bugawa, ya tanadi cewa idan an buga ƙusa mai santsi a ɗanyen katako sannan katakon ya bushe, kashi ɗaya cikin huɗu kacal na ƙarfin riƙonta za a sa a lissafi wajen hana ta zarewa. Sukuru a irin wannan hali ba a rage masa komai. Ko a busasshen katako ma, in kauri da zurfin shiga ɗaya ne, lissafin littafin yana ba sukuru kusan ninki uku na riƙon ƙusa. Dalilin a fili yake: haƙorin sukuru yana yanka wa kansa hanya ya sarƙe da jijiyoyin itace tun daga kusa da sama har tsini, ba zai fito ba sai an warware shi ko an yage itacen.

Amma riƙo rabin labarin ne, sauran rabin shi ne matsi. A ɗauki sukurun daɓe na ainihi a duba. Tsawonsa wajen inci 2 ne, daga tsini zuwa kusan kashi biyu cikin uku na jikinsa kakkauran haƙori ne ya nannaɗe shi, daga nan zuwa kai kuma jiki ne sumul. Sumul ɗin nan da gangan aka bar shi. Idan sukuru ya shige, haƙorin yana cikin azara, sumul ɗin yana cikin allo yana juyawa ba tare da ya kama komai ba, sai kan sukurun ya jawo allon ƙasa har ya manne. Mai aiki yana jin haka a tafin ƙafarsa, allon da ya ɗan lanƙwashe yana sauka a ƙarƙashinsa a juyi biyun ƙarshe. In kuwa haƙori ya kai har kai, yana iya kama allo da azara lokaci guda alhali akwai rata a tsakaninsu, ya daskarar da ratar a haka, kai ya nutse mutum ya ɗauka aiki ya yi. Ƙusa ba ta da wannan jan. Guduma ko bindigar iska tana doke allo ya sauka na ƙiftawar ido, in yana da taurin kai ya sake ɗagowa da abarsa.

To in haka ne, me ya sa ƙa'idojin gini na Amurka har yau ƙusa suke ambata a jadawalinsu, mai tsawon inci 2 da rabi, a buga ta kowane inci 6 a gefen allo, kowane inci 12 a tsakiya? Masu kare ƙusa suna da hujja mai ƙarfi, bai kamata a yi mata kallon raini ba. Daɓe ba nauyin mutane kaɗai yake ɗauka ba. Idan iska mai ƙarfi ta bugi bango ko ƙasa ta girgiza, daɓen ne ke ɗaure bangwayen wuri guda, kuma a lokacin ƙarfin da ke kan ƙusa na turi ne ta gefe, ba na cirewa sama ba. Ƙusa ƙarfe ne mai taushi, takan lanƙwashe ta ci gaba da riƙo. Sukuru kuwa ana gasa shi ya yi tauri don kada kansa ya cinye, abu mai tauri kuma ɓallewa yake yi farat ɗaya ba gargaɗi. Wannan gaskiya ne, amma a kan wane sukuru? A kan baƙin siririn nan da aka ƙera don manna allon bango mai laushi, wanda saboda araharsa ake cusa shi a kowane aiki. Shi kam in an sa masa filaya aka lanƙwasa sau ɗaya ko biyu sai ya ce ƙas. Bai da hurumi a daɓe ko kaɗan, kuma mafi yawan sunan banzan da sukuru ya yi a wurin tsofaffin kafintoci shi ya jawo. Akwai sukurun daɓe da kamfanoni suka ƙera da kauri da gashi daidai, aka gwada su a ɗakin gwaji, hukumomin gini suka amince a sa su a madadin ƙusa. Don haka abin da hujjar ta tabbatar shi ne a karanta kwali kafin a saya. Inda kuwa injiniya ya rubuta ƙusa a zane, kamar a bangon da aka tsara don jure girgizar ƙasa ko a ƙarafan rataye azara, ba a sauya masa da son rai.

Tarihin ƙusar kanta ma yana goyon bayan wannan ra'ayi. Bayan mahaukaciyar guguwar Andrew ta 1992 ta kware rufin dubban gidaje a kudancin Florida, bincike ya nuna alluna da yawa sun tashi ne saboda raunin ɗauri, daga baya jihar ta wajabta ƙusa mai zobba a jiki wajen buga allunan rufi. Zobban nan ba komai ba ne illa ƙoƙarin ba ƙusa haƙori. A nan ne hujja ta biyu ke fitowa, kuma ta fi ta farko wahalar amsawa: in an shafa gam a kan azara aka bi da ƙusa mai zobba, ai kuka ya ƙare, kuma aikin ya fi sauri. Lallai gam babban abu ne. Ƙungiyar masu yin filawud ta Amurka, APA, ta daɗe tana koyar da shi, domin yana mayar da allo da azara jiki ɗaya, daɓen ya ƙara tauri, ya rage lilo. Daɓen da aka yi wa gam da ƙusa mai zobba da hannun gwani daɓe ne mai kyau, babu musu. Sai dai gam ba ya kama abin da bai taɓa ba. Yana buƙatar a matse fuskokin biyu har ya bushe, shi ya sa ake shafa na allo ɗaya ko biyu kawai a lokaci guda kafin ya yi fata, kuma matsin nan shi ne sukuru ya fi iyawa. Akwai kuma wani abu da mai kallo daga nesa ba ya lura da shi. Mai bindigar ƙusa yana aiki ne a makance, azara tana ɓoye a ƙarƙashin allo, kaurinta bai wuce milimita 38 ba. In ya kauce kaɗan, ƙusar ta wuce ta gefe tana gogar azara, ƙarar bindigar kuwa ɗaya ce, ba zai sani ba. Irin waɗannan kuskurarrun ƙusoshi suna cikin manyan masu kuka. Sukuru in ya kuskure sai ya yi ta juyawa a banza ya ƙi nutsewa, ya tona wa kansa asiri nan take, a zare shi a gyara.

Saura maganar kuɗi da lokaci. A da hujja ce da ba ta da amsa, domin sukuru mai tsaga ɗaya a kai, da sukudireba ta hannu, ba abin da za a yi daɓen gida da shi ba ne. Ƙusa ta mamaye gini ne saboda sauri. Abin ya sauya a hankali: wani ɗan Kanada, P. L. Robertson, ya fito da kai mai rami murabba'i a 1908, Henry Phillips ya yaɗa mai gicciye a shekarun 1930, mai siffar tauraro da ake kira Torx ya zo a 1967, injin huda mai batir kuma ya bayyana a 1961. Yanzu akwai inji mai doguwar ƙafa da ake loda wa sukuru a jere cikin ɗamara, mutum yana tsaye yana dannawa ba tare da ya durƙusa ba. A yi lissafi: allo ɗaya yana hawa kan azara bakwai, da tazarar da aka ambata zai ci sukuru 43. Ɗaki mai mita 4 da 4 zai ci allo shida, wato sukuru 260 ko kusa da haka. Bambancin farashinsu da na ƙusa ba ya kai kuɗin allo guda ko biyu. Gyara kuwa, bayan an shimfiɗa tayil an rufe silin na ƙasa, sai an fasa ɗaya daga cikinsu kafin a kai ga inda ke kuka, kuma abin dariyar shi ne maganin da mai gyaran zai kawo sukuru ne.

Kada dai a ɗauka sukuru yana yafe ganganci. Kuskuren da ya fi yawa shi ne nutsar da kai fiye da kima, injin ya yi ƙarfi ya huda hawan farko na filawud, alhali hawan nan ne kan sukurun ke dannawa. Daidai shi ne kai ya zauna dab da fuskar allo. Ana barin kusan santimita guda daga gefe don kada ya tsage, ana barin ratar milimita 3 tsakanin allo da allo saboda ɗan kumburin da ba a rasawa, ana gittar da tsawon allo a kan azara, kuma ba a barin mahaɗar layi biyu su faɗo wuri guda. Tsawo ma ba a wuce gona da iri: shigar inci guda ko fiye kaɗan cikin azara ta wadatar, dogon sukuru yana iya samun waya ko bututun ruwa da aka ratsa ta cikinta.

A waje kuwa, a dandamalin katako da Amurkawa ke yi a bayan gida don shan iska, hujjar sukuru ta fi fitowa fili, haɗarinsa ma haka. Katakon nan yau ruwa gobe rana, yana murɗewa yana kwarmi, kowane zagaye yana ɗago ƙusa kaɗan-kaɗan har kanta ya fito ya yanki ƙafar yaro. Sukuru biyu a kan kowace azara, tare da huda rami tukuna a bakin katako don kada ya tsage, suna danne shi, in guda ya lalace kuma a warware a sauya shi kaɗai. Ƙa'idar gini ma ta hana a rataya dandamali a jikin gida da ƙusar da nauyi zai iya zarewa, sai manyan sukurori masu kaurin rabin inci ko noti. Abokin gaba a nan tsatsa ce. Shekaru da dama ana jiƙa katakon waje da wani magani mai ɗauke da gubar asenik don hana gara da ruɓa, har ƙarshen 2003 lokacin da aka daina amfani da shi a gidajen zama a Amurka. Magungunan da suka gaje shi sun fi yawan jan ƙarfe, shi kuma jan ƙarfe in ya haɗu da baƙin ƙarfe a cikin laima cinye shi yake yi. Sukuru na gama-gari yana iya zama lafiya a ido daga sama alhali wuyansa ya cinye a cikin katako. Dole a nemi wanda aka tsoma a narkakken zinki, ko mai rufi na musamman, ko ƙarfe marar tsatsa, musamman kusa da teku. Kuma duk kyawun sukuru, ba ya riƙe ruɓaɓɓen itace. A watan Yunin 2015 barandar wani bene a Berkeley ta jihar Kalifoniya ta rufta, matasa shida suka rasu, galibinsu ɗalibai daga Ailan, bincike kuma ya gano ruwa ne ya shiga ya ruɓar da azarar da ke ɗauke da ita.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai ce mu da siminti muke daɓe, ina ruwanmu. Gidajenmu kam haka ne, amma filawud yana nan a ƙaramin benen da 'yan kasuwa ke yi a cikin shago don ajiye kaya, da dandamalin taro, da mumbari, da matakala. Yanayinmu kuma ya fi na Amurka tsananta wa katako. Yawancinsa daga dazuzzukan kudu yake zuwa, yankin su Sapele da ya yi suna da masana'antar filawud tun kafin samun 'yancin kai, sau da yawa bai gama bushewa ba ake sayar da shi, sannan ya tarar da laimar Agusta da ƙeƙasasshiyar iskar Janairu. Wannan shi ne ainihin halin da littafin injiniyoyi ya ce ƙusa na rasa kashi uku cikin huɗu na riƙonta. Matsalar ita ce sukurun da ya fi sauƙin samu a shago shi ne baƙin siririn nan, kuma in zaɓin ya tsaya tsakaninsa da ƙusa mai kauri a wurin da mutane za su hau, ƙusar da gam sun fi aminci. Akwai kuma aiki ɗaya da ƙusa ta fi dacewa da shi ko da sukuru mai kyau yana hannu, wato allunan da ake kafawa don zuba kankaren bene. Makonni kaɗan za su yi a ɓamɓare su, ruwan siminti kuma yana toshe ramin kan sukuru ya hana warwarewa. Don irin wannan aiki ne aka ƙera ƙusa mai kai biyu: na ƙasa ya danne allo, na sama ya tsaya a waje inda bakin guduma zai kama shi ranar cirewa.